Daga Kano Zuwa Jidda a Jirgin Sama: Nisa da Tsawon Tafiya

Kowace shekara dubban 'yan Nijeriya suna tashi daga Kano zuwa Jidda ta ƙasar Saudiyya, waɗansu don aikin Hajji ko Umara, waɗansu kuwa don fatauci. Saboda haka ya kamata jama'a su san nisan wannan hanya da yadda ake lissafin lokacinta.

Nisan hanya

Idan an auna miƙe ta sama, tsakanin Kano da Jidda akwai wajen kilomita 3,400, watau kimanin mil 2,100. Miƙaƙƙiyar hanya tana ratsa Chadi da Sudan, sa'an nan ta ƙetare Bahar Maliya. A zamanin da, alhazanmu kan bi wannan yanki da ƙafa ko a kan raƙuma da jakuna, su yi watanni, waɗansu ma shekaru, kafin su isa bakin teku su shiga jirgin ruwa. Sai a shekarar 1925 ne jirgin sama ya fara sauka a Kano.

Awa nawa ake yi?

Babban jirgin fasinja yakan ci kilomita 850 ko kusa da haka cikin awa guda. Idan aka raba 3,400 da 850, za a sami awa 4. Amma jirgi ba ya yin cikakken gudu lokacin tashi da lokacin sauka, kuma iska takan taimake shi ko ta tauye shi. Don haka tafiyar da babu yada zango takan ci awa 4 da rabi zuwa 5. Tun da yaƙi ya ɓarke a Sudan a shekarar 2023, jirage da dama sun riƙa kewaye sararin samaniyarta, abin da ya ƙara tsawon tafiya. Wanda jirginsa zai biya ta Alƙahira ko Addis Ababa kuwa, yana iya shafe yini guda a hanya.

Bambancin agogo

Agogon Saudiyya yana gaban na Nijeriya da awa 2. Lokacin da aka rubuta a jikin tikiti kuwa na garin da ake tashi ne, ko na garin da ake sauka. Misali, jirgin da ya bar Kano da ƙarfe 10 na dare, ya yi awa 5 a sama, zai sauka Jidda da ƙarfe 5 na asuba agogon can, alhali a Kano ƙarfe 3 ne. A dawowa kuma, wanda ya tashi da ƙarfe 12 na rana zai iso Kano da ƙarfe 3 na yamma.

Jan kunne

Da zarar ka sauka, ka gyara agogonka, domin wanda ya bar shi a kan lokacin gida zai makara da awa 2 ranar dawowa, jirgi kuwa ba ya jira. Mai shan magani a kan ƙa'ida ya shawarci likita kafin tafiya. Wanda zai wuce Makka kai tsaye ya tambayi malamai yadda zai ɗaura harami, don jirgi yana shige miƙati cikin ƙiftawar ido. Lalle kowa ya isa filin jirgi awa 3 kafin lokacin tashi, da fasfo da biza da katin rigakafi a hannu.

Wanda ya karanta wannan bayani ya sanar da 'yan'uwansa waɗanda ba su sami karantawa ba.