Duwatsun Da Ke Girma A Cikin Tafkin Van

Kowa ya san dutse ba ya tsiro, ba ya girma. Amma a gabashin ƙasar Turkiyya akwai wani tafki da ake kira Van, wanda a ƙarƙashin ruwansa akwai duwatsu masu ƙaruwa kowace shekara. Tsawon waɗansu ya kai mita 40, watau kimanin ƙafa 130. Wani masani Bajamushe mai suna Stephan Kempe, shi da abokan aikinsa, su ne suka bayyana wa duniya labarinsu a shekarar 1991.

Kafin a gane yadda abin yake, sai an san halin ruwan. Tun zamanin da, amon wani dutse mai aman wuta da ake kira Nemrut ya toshe mafitar tafkin. Koguna suna zuba a ciki, amma babu wanda ke fita. Rana tana shanye ruwan, gishirin da ke ciki yana taruwa, har tafkin ya zama na kanwa, irin kanwar nan da ake kawowa kasuwanninmu daga wajen Tafkin Chadi. Duk duniya babu tafkin kanwa da ya kai shi girma, zurfinsa kuwa ya kai mita 450.

A gindin tafkin akwai idanun ruwa masu ɓuɓɓugo da ruwan daɗi. Wannan ruwa yana ɗauke da sinadarin kalsiyam, wanda ake samu a ƙashi da ɓawon ƙwai. Da zarar ya gamu da ruwan kanwa sai su haɗu, su zama farin gari kamar alli. Dangin farar ƙasa ne.

To, a nan ne masu rai ke shigowa. Akwai waɗansu ƙwayoyin halitta ƙanana ƙwarai, waɗanda ba a ganinsu sai da madubin likita. Suna zaune jingim a bakin idanun ruwan, sun lulluɓe wurin da yauƙi kamar gansakuka. Da hasken rana suke yin abincinsu, kamar ganyen itace. Garin yin haka suna zuƙe iskar kabon daga ruwan da ke kewaye da su, wannan kuwa yana ƙara wa ruwan kaifin kanwa, sai farin garin ya riƙa daskarewa a cikin yauƙinsu. Idan ya binne su, sai sababbi su hau bisa don neman haske, su sake shimfiɗa. Can ƙarƙashi kuma akwai waɗansu iri dabam da ba su bukatar haske. Su ke cinye matattun, su saki kalsiyam ɗin da yauƙin ya riƙe, dutsen ya ƙara ƙarfi. Cikin dutsen duk ƙofofi ne, ta nan ruwan daɗi ke bi ya hau ƙoli, shi ya sa ginin ke yin sama kamar suri.

Wani zai ce, ina amfanin sanin wannan? Amfaninsa babba ne. A yammacin Ostareliya an sami irin waɗannan duwatsu da suka yi shekara wajen miliyan 3,500, suna cikin mafi daɗewar alamun rai a bayan ƙasa. Kakannin waɗannan ƙwayoyi masu cin hasken rana ne suka fara cika sararin duniya da iskar da muke shaƙa. Mai son ganin yadda aka yi duwatsun Ostareliya, sai ya dubi na Van, inda har yanzu aikin bai tsaya ba.

Sai dai abin yana da saurin lalacewa. In fari ya sa ruwan tafkin ya ja baya, duwatsun bakin gaɓa sukan fito fili, rana ta kashe masu ginin. In aka ƙazantar da ruwan ya yi duhu, haske ba ya isa gare su. Dutsen kuma yana da gautsi, wanda aka yi ɗaruruwan shekaru ana ginawa, mutum ɗaya yana iya karya shi da ƙafa. Saboda haka kiyaye waɗannan duwatsu yana farawa ne daga kiyaye ruwan tafkin da idanun ruwan da ke ciyar da shi.