Bayan An Daina Sha: Me Ke Mayar Da Matasa Gidan Jiya?

A ƙarshen watan Afrilun 2018 BBC ta fitar da wani binciken sirri kan yadda maganin tari mai kodin ke sulalewa daga kamfanoni zuwa hannun matasa. Washegari gwamnatin tarayya ta haramta sarrafa shi da shigo da shi. Iyaye da yawa a Kano da Jigawa sun yi ajiyar zuciya, amma an kashe maciji ne ba a sare kansa ba. Kwalba ta yi tsada, masu sha suka karkata ga tiramol da rafanol da wiwi da sholisho. Abin da ke kai hannu ga kwalbar yana nan daram.

Binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta yi tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi, wanda aka bayyana a farkon 2019, ya nuna cewa mutum miliyan 14.3 masu shekara 15 zuwa 64 sun sha wani abin maye a cikin shekara guda, ban da giya da taba. Miliyan 10.6 wiwi suka sha, miliyan 4.6 magungunan kashe ciwo irin su tiramol, miliyan 2.4 kuma maganin tari. Cikin kowane mutum huɗu, ɗaya mace ce. Waɗannan alƙaluma sun zaga gidajen rediyo da wuraren taro har an haddace su. Abin da ba a cika tattaunawa ba shi ne halin wanda ya daina. Kusan kowace unguwa tana da labarin yaron da aka kai wani wuri ya yi wata shida, ya dawo ya yi ƙiba, ana ta “Alhamdu lillahi, ya shiryu”, kafin babbar salla ya koma gidan jiya. Mutane sukan ce taurin kai ne ko mugayen abokai. Akwai ƙamshin gaskiya a ciki, sai dai bayanin bai kai tushe ba.

A shekarun 1980 wani likita a birnin San Diyego na Amurka, Vincent Felitti, ya lura cewa masu zuwa asibitinsa don rage ƙiba suna guduwa daidai lokacin da magani ya fara ci. Da ya zauna da su ɗaya bayan ɗaya, sai ya tarar da yawansu an yi lalata da su suna yara. Daga nan shi da wani mai bincike, Robert Anda, suka shirya binciken da ya haɗa mutum fiye da 17,000, aka wallafa sakamakon farko a 1998. Sun tambayi manya abin da suka gani kafin shekara 18: duka, zagi, lalata, ganin ana dukan uwa, zama da mashayi ko mai taɓin hankali a gida. Wanda ya haɗu da iri huɗu ko fiye na waɗannan, haɗarin ya zama mashayin giya ya ninka kusan sau bakwai, na yi wa kansa allurar ƙwaya kusan sau goma, idan aka gwada da wanda bai gamu da ko ɗaya ba. Mutanen da aka bincika galibinsu masu rufin asiri ne, masu ilimi da aikin yi, don haka ba za a ɗora laifin a kan talauci ba.

Dalilin yana cikin jiki. Yaron da ya tashi cikin fargaba, jikinsa kan saba da zama a ɗarare: barci ba ya nisa, ƙaramin motsi ya firgita shi, fushi ya zo masa ba sallama. Ranar da ya fara haɗiyar ƙwaya, abin da yake ji ya wuce nishaɗi. Karon farko ke nan da hayaniyar cikin kansa ta lafa. Mai irin wannan hali idan aka raba shi da ƙwaya, an raba shi da abu ɗaya tak da ya taɓa kwantar masa da hankali, kuma duk abin da ya gudu ya bari yana jiransa.

A Nijeriya, binciken cin zarafin yara da aka gudanar a 2014 ya gano cewa yara shida cikin goma suna fuskantar wani nau'in cin zarafi kafin su kai shekara 18, kuma yarinya ɗaya cikin huɗu da yaro ɗaya cikin goma an ci zarafinsu ta hanyar lalata. Mu a ƙasar Hausa mun san fuskokin abin ba sai an faɗa mana ba. Akwai ɗan da aka saki uwarsa yana shekara huɗu aka bar shi hannun kishiya. Akwai agolan da ake nuna wa bambanci a kwanon tuwo, da ɗan riƙon da ya zama bawan gida, da almajirin da aka sauke a tasha bai gama wayo ba. Akwai yarinyar da wani na jiki ya ɓata, dangi suka taru suka ce a rufa wa juna asiri, aka ce mata ta yi haƙuri. Sannan ga yaran Borno da Yobe da Zamfara da Katsina da aka kashe iyayensu a gaban idonsu. Da yawansu yanzu samari ne da 'yan mata.

Ba kowane mai shaye-shaye ne ke ɗauke da irin wannan miki ba. Lebura da ɗan ga-ruwa da manomi sukan fara tiramol don ƙarfin aiki. Wani a majalisa ya koya, wani ɗan siyasa ne ya saya masa lokacin kamfe. Haka kuma dubban marayu da agololi sun girma lafiya ƙalau ba su taɓa kusantar ƙwaya ba, sau da yawa saboda sun sami kaka ko gwaggo ko malami guda da ya tsaya musu. Amma a ganina, idan ana son sanin wa zai daina ya ɗore, wa kuma zai yi ta faɗuwa yana tashi, a wannan mikin na yarinta bambancin yake.

A nan ne kuma gidan mari ya fi yin ɓarna. A watan Satumban 2019 'yan sanda suka buɗe wani gida a Rigasa ta Kaduna suka fito da mutum fiye da 300, manya da yara, wasu da sarƙa a ƙafa, jikinsu duk tabon bulala. Makonni kaɗan bayan haka aka buɗe irinsa a Daura da Zariya. Yawancin waɗanda ke ciki iyayensu ne suka kai su da hannunsu, suna biyan kuɗi. Ba na zargin waɗannan iyaye da rashin ƙauna. Uwar da ɗanta ya sayar da keken ɗinkinta, ya zare wa ƙanensa wuƙa, tana neman inda za ta ajiye shi ta yi barci. Asibitocin ƙwaƙwalwa irin na Barnawa a Kaduna da Dawanau a Kano da Kware a Sakkwato da na Maiduguri sun yi wa miliyoyin jama'a kaɗan, likitocin ƙwaƙwalwa a ƙasar 'yan ɗaruruwa ne, ga kunyar a ce ɗan wane yana asibitin mahaukata. Sai dai wanda duka ya kai shi ga ƙwaya, idan aka ɗaure shi aka ƙara masa duka, ciwon aka zurfafa. Zai fito ya yi laƙwas, a ɗauka natsuwa ce, alhali tsoro ne.

Ko wanda ya sami magani na gaskiya, aikin yana farawa ne ranar da aka sallame shi. Masana a Amurka sun ƙiyasta cewa kashi 40 zuwa 60 cikin ɗari na waɗanda aka yi wa magani sukan sake komawa, adadin da bai wuce na masu hawan jini da ke sakaci da maganinsu ba. Komawar tana da haɗari na musamman, domin jikin da ya huta wata shida ba zai ɗauki adadin da ya saba ba, kuma ta haka ake rasa rayuka.

Gidan da ya koma kuwa bai manta ba. Ana kulle ɗaki idan ya shigo. Waya ta ɓace, idanu su koma kansa. Ya je neman aure, bincike ya tono tsohon suna. Babu mai ba shi jiran shago. Wuri ɗaya da ake yi masa maraba da fara'a shi ne tsohuwar majalisarsa. Mata sun fi shan wuya: kaɗan ne ƙwarai ake kaiwa asibiti, domin dangi na tsoron kada maganar ta fita ta hana aure ko ta kashe shi, sai a bar ta a ɗaki tana sha a ɓoye.

Dabarar da aka fi yawan kawowa ita ce “a yi masa aure zai natsu”. Ina jin tsoron wannan shawara matuƙa. Idan ba a taɓa ciwon da ke ƙasa ba, an ɗauko 'yar mutane an ɗora mata jinyar da ba ta da iliminta, kuma 'ya'yan da za a haifa za su tashi a gidan mashayi, wanda yana cikin abubuwan da binciken Felitti ya lissafa.

Waɗanda suka tsaya da ƙafafunsu, labarinsu yakan yi kama da juna. An sami ubangida, kafinta ko makaniki ko tela, wanda ya san tarihin ya kuma yarda ya riƙe shi, yana ba shi amana kaɗan-kaɗan. Yini ya sami tsari daga sallar asuba zuwa isha. Wani lokaci sai da aka canza masa gari. An sami mai sauraro, ma'aikacin lafiya ko wanda ya riga shi dainawa, da ya tambaye shi abin da ya same shi yana yaro, ya kuma bar shi ya faɗa. Mafi wuya shi ne dangi su yarda an cuci yaron, musamman idan wanda ya cuce shi yana raye, ana gaishe shi da girmamawa. Gidaje da yawa sun gwammace su biya kuɗin magani sau uku da su yi wannan zama sau ɗaya.

A watan Janairun 2023 aka sanya hannu kan dokar lafiyar ƙwaƙwalwa ta ƙasa, wadda ta maye gurbin ta 1958, ta kuma tanadi haƙƙin marar lafiya na kada a wulaƙanta shi. Aiwatar da ita ya rataya a kan jihohi: a horar da ma'aikatan asibitocin sha-ka-tafi su iya gane mai wannan larura, a buɗe sashen mata inda za a kiyaye sirrinsu, a ci gaba da bibiyar wanda aka sallama aƙalla shekara guda. Malamai da masu unguwanni su ne farkon waɗanda uwa ke kai wa kuka, don haka da su ya kamata horon ya fara.