Tiyon roba: bakin zarto ke raya rijiya

A kwarin Maggiya, daga Birnin Ƙonni zuwa Galmi ta gundumar Malbaza, manoman albasa da yawa ta tiyon roba suke jawo ruwan ƙasa. Kafin a zura tiyon PVC mai faɗin milimita 110 cikin rami, sai mai sana'ar ya tsattsaga gindinsa da zarto, ya gasa bakinsa har ya yi laushi, ya buɗa shi don wani ya shiga. Tsaga in ta yi faɗi, rairayi ya cinye injin ban ruwa. In ta matse, ruwa ya ƙaranta. Wuta in ta yi yawa, roba ta ƙone. Saboda haka mai zuba jari a garka ya duba aikin tun a shago, domin abin da ƙasa ta rufe, gyaransa sai sabuwar rijiya.