FIM ƊIN KORIYA DA YA RABA KAN MASU KALLO

Mutanenmu na Arewa da ke zaune a Asata ta Inugu, da na Anaca da Fatakwal, sun daɗe da sanin finafinan Koriya ta Kudu. Tun da wasan Jumong ya shigo Nijeriya, mutane da yawa suka ɗauka cewa duk abin da ya fito daga wannan ƙasa labarin sarauta ne da yaƙi da ladabi ga iyaye, irin wanda magidanci zai kalla tare da iyalinsa ba tare da ya sunkuyar da kai ba. To, ba duka aka taru aka zama ɗaya ba.

A shekarar 2016 wani mashahurin mai shirya fim, Park Chan-wook, ya fitar da fim mai suna The Handmaiden, watau baranya. Ya ɗauko labarin ne daga littafin Fingersmith na wata Baturiyar Birtaniya, Sarah Waters, wanda aka buga a 2002, amma ya mai da shi Koriya ta wajejen 1930, zamanin da Jafan ke mulkin ƙasar.

Ga yadda labarin yake. Wani ɗan damfara ya yi shigar basaraken Jafan, ya haɗa baki da wata yarinya 'yar sane, Sook-hee, ta shiga aikatau gidan wata mai tarin gado, Hideko. Dabararsu ita ce yarinyar ta yi ta kambama shi har Hideko ta yarda ta aure shi, sa'an nan a kai ta gidan mahaukata, su raba dukiyar. Ita kuwa Hideko a tsare take hannun mijin innarta, wanda ke tilasta mata karanta littattafan batsa gaban baƙinsa maza. Ana cikin haka sai soyayya ta shiga tsakanin matan biyu, abin da Hausawa ke kira maɗigo, suka juya wa mazan baya. An kasa fim ɗin kashi uku, kowane kashi yana tona ƙaryar da ke cikin na bayansa.

A Koriya hukuma ta hana wanda bai balaga ba kallonsa, amma duk da haka an sayar da tikiti fiye da miliyan 4. Ya shiga gasar Cannes ta Faransa a watan Mayu na 2016, a 2018 kuma ya ci kyautar BAFTA ta Ingila ta fim ɗin da ba na Turanci ba, shi ne na farko daga Koriya da ya ci ta. Amma fa ba a yi baki ɗaya a kansa ba. Waɗansu sun yaba, suka ce labari ne na mata biyu da suka kuɓuta daga hannun azzalumai. Waɗansu kuma, har cikin masu rajin 'yancin mata, suka ce an tsawaita wuraren tsiraici ne don a gamsar da idon maza. A ita kanta Koriya, inda doka ba ta amince da auren jinsi ɗaya ba, ƙungiyoyin coci sukan fito zanga-zanga duk lokacin da masu wannan ra'ayi suka yi bikinsu a birnin Seoul.

A Afirka maganar ta fi zafi. Cikin watan Afrilu na 2018 hukumar tace finafinai ta Kenya ta haramta fim ɗin Rafiki na Wanuri Kahiu, saboda labarin 'yan mata biyu ne masu son juna. Da aka je kotu, alƙali ta ɗage hanin na kwana 7 cikin watan Satumba, gidajen sinima na Nairobi kuwa suka cika maƙil, wa'adi na cika aka sake rufewa.

A nan gida, Shugaba Goodluck Jonathan ya sa hannu cikin Janairu na 2014 kan dokar da ta tanadi ɗaurin shekara 14 ga masu auren jinsi ɗaya. Da Pamela Adie da Uyaiedu Ikpe-Etim suka shirya fim ɗin Ife a 2020, shugaban hukumar tace finafinai ta ƙasa na lokacin, Adedayo Thomas, ya yi musu kashedi cewa doka na iya hawa kansu. Ba su kai shi sinima ba, sai suka sake shi ta intanet cikin Disamba na wannan shekara. Kano ma tana da tata hukumar tun 2001, kuma tsaninta ya fi na tarayya. A 2016, shekarar da The Handmaiden ya fito, ƙungiyar masu shirya finafinan Hausa ta kori Rahama Sadau don kawai ta rungumi wani mawaƙi cikin bidiyon waƙa.

Abin lura ga mazauna Kudu shi ne, ikon hukumar Kano bai wuce iyakar jihar ba, hukumar tarayya kuma ba ta iya leƙa cikin aljihun kowa. A da, sai mutum ya sayi tikiti a ƙofar Plaza ko Orion a Kano, idon jama'a na kansa. Daga baya aka koma kaset da faifai, Titin Iweka na Anaca ya zama babbar cibiyar cinikinsu. Yau kuwa yaro na iya miƙa wayarsa a rumfar masu tura fim, a zuba masa goma cikin minti kaɗan, sau da yawa babu kwali balle alamar shekarun da aka yarda su kalla.

Ɗan kasuwar da ke fita da asuba ya dawo bayan lisha ba shi da zarafin duba kowane fim. Amma yana iya tambayar sunan abin da aka tura wa ɗansa, ya sa wani mai ilimin boko ya duba masa ko na manya ne. Masu rumfunan tura fim su ma akwai nauyi a wuyansu, su riƙa ware na manya daban, su gaya wa mai saye gaskiyar abin da ke ciki kafin ya kai gida. Waɗanda suka yi The Handmaiden da kansu ba su yi shi don yara ba, ƙasarsu ma ba ta bar yaranta sun shiga kallonsa ba.