Raujin Turai a Bakin Hausa: Mawaƙan Majami'u a Kudancin Birnin Kaduna

A Nijeriya, cikakkiyar ƙungiyar makaɗa irin ta Turai, mai gogen Turawa da sarewu da ƙahoni, a Legas ta fi zama da gindinta, musamman tun bayan kafa MUSON a 1983. A tsallaken kogin Kaduna kuwa, a unguwanni irin su Kakuri da Barnawa da Narayi da Sabon Tasha, ƙungiyoyin mawaƙan majami'u da badujalar Boys' Brigade ne ke riƙe da wannan kiɗa. Ba sana'arsu ba ce. Malamai ne da ɗalibai da 'yan kasuwa, masu haɗuwa da yamma domin gwaji, sannan a fito bainar jama'a lokacin Kirsimeti ko Ista. Daga cikin abin da aka fi so a irin wannan taro akwai amshin Halleluya na cikin Messiah, aikin Handel da aka fara gabatarwa a Dublin a 1742. Galibi da tsarin do-re-mi ake koyon rauji, wanda John Curwen ya yaɗa a Ingila a ƙarni na 19, a raba mawaƙa murya huɗu, saɓanin tsarin jagora da 'yan amshi da waƙar baka ta saba da shi.

Abin da ya shafi manazarcin Hausa shi ne harshen. Bajju da Atyap da Ham da Gbagyi da ke zaune a waɗannan unguwanni da Hausa suke haɗuwa, kuma tun fitowar cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa a 1932 ta ƙara kafuwa a ibadarsu. To, idan aka ɗora kalmomin Hausa a kan raujin da aka tsara domin Ingilishi ko Jamusanci, matsala biyu kan taso. Ta farko karin sauti: “wuya” ta jiki sama take farawa ta sauka, “wuya” ta wahala kuwa daga ƙasa take hawa. Raujin da aka riga aka rubuta bai san da wannan ba. Ta biyu, wadda a ganina ta fi tsanani, tsawon wasali ce. Doguwar murya in ta faɗa kan gaɓar farko ta “gari” na zama, sai kunne ya ji garin tuwo. Makaɗin Hausa yakan lanƙwasa rauji ya bi nauyin gaɓa. Mai juya waƙar Turai ba shi da wannan dama, sai dai ya sake kalma ko ya bar ma'anar jimla ta ceci mai sauraro.

Paul Richards ya auna dangantakar karin sauti da rauji a wata waƙar Hausa tun 1972. Irin wannan awo ne ya kamata a yi wa waƙoƙin majami'a da aka juyo, a gwama su da na Zumuntar Mata, waɗanda ake tsarawa da Hausa tun daga tushe, da jagora da amshi da kiɗan tulu.