Mutanen Widi, Ba A Liƙe Birki Da Gam

Wata annoba ta shigo unguwar nan tamu ta Widi a Wagadugu, kuma da kuɗinmu muke sayen ta a teburin bakin titi. Ƴar robar gam ce da ake kira super glue, tsawonta bai kai ɗan yatsa ba, kuɗinta bai taka kara ya karya ba. Da ita ake gyaran babur yanzu. Da ita ake gyaran mota. Da ita ake liƙe abin da ran ɗan Adam ya rataya a kansa.

Ya zama wajibi a kira abin da sunansa: ganganci da rayuka.

Wagadugu gari ne na babura. Duk wanda ya tsaya da safe a gadar sama ta Arewa, wadda aka buɗe a 2018, zai ga uwa da goyo a baya, zai ga ɗalibai biyu ko uku a kan babur guda, kowa na kutsawa. Motocinmu kuwa yawancinsu Turai ta gama cin moriyarsu kafin su sauka a tashar ruwan Lome ko Kwatano, su ne ake wa laƙabi da France au revoir. Robobinsu sun bushe tun can. Ga rana da ke haura digiri 40 a watan Afrilu, ga ƙura, ga ramuka. Dole abu ya tsage. Abin da muke yi wa tsagar shi ne masifar.

Kwanan baya a wani gareji da ke tsakanin Widi da Larle, wani dattijo ya turo babur, tiyon fetur na ɗiga. Yaron gareji ya duba ya ce, "Baba, tiyon nan ya mutu, sai dai sabo." Dattijon ya ce, "Kai yaro, liƙa mini kawai, gobe in Allah ya kai mu zan saya." Yaro ya goge wurin da gefen rigarsa, ya ɗiga gam, ya ɗebo yashi ya barbaɗa, ya ƙara ɗigawa har wurin ya yi ƙullutu fari. Ya ƙwanƙwasa da farce, ya ji tauri. Dattijo ya sa albarka, ya ɗora jikarsa a gaba, ya tayar. Tiyon yana saman injin da zai yi zafi nan da ɗan lokaci kaɗan.

Kowa a wurin ya gani. Ba wanda ya ce uffan. Goben nan kuma mun san ba ta zuwa.

Taurin da yaron ya ji shi ne yaudarar. Wani Ba'amurke mai suna Harry Coover ne ya gano sinadarin gam ɗin a 1942, aka fara sayar da shi a 1958. Aikinsa haɗa abubuwa biyu masu tsabta da suka dace da juna daram, a inda babu zafi babu jijjiga. In ya bushe ba ya lanƙwasa, tsagewa yake yi. Da zafi ya kusanci digiri 80 sai ƙarfinsa ya soma tafiya. Ruwan lagireto kuwa yana kai digiri 90 har ya wuce, kuma a matse yake. Irin robar da ake yin tankin mai da bamba da ita ma sam ba ta karɓar wannan gam, zama kawai yake yi a kanta kafin ya ɓalle.

Wanda ya liƙe lagireto, ruwa zai tsiyaye masa a hanyar zuwa garin Bobo, inji ya ƙone, ya yi asarar jikkuna masu yawa saboda ƙyashin kaɗan. Wannan mai sauƙi ne, dukiya ce kawai.

Wanda ya liƙe tiyon fetur, wuta yake ɗauke da ita. Wasu sun koma shafa silikon, alhali fetur yana jiƙa silikon ya kumbura shi ya saki. Mun kuma san akwai koren tasi a garin nan da ke yawo da tukunyar gas a but. Haɗa wannan da tiyon da aka liƙe, ka cika motar da mata masu zuwa kasuwar Rood Woko.

Wanda ya liƙe birki kuwa, kabari yake haƙa, kuma bai san na wa ba.

A tsaya a nan, domin nan ne abin ya fi muni. Fatar birki a masana'anta ake manna ta, da gam na musamman, da zafi, da matsi mai tsanani. Yau sai fatar ta ɓare daga ƙarfenta, mutum ya mayar da ita da gam ɗin tebur. Duk taka birki zafi ne. Ranar da ta ɓalle, ko dai birki ya ƙi kamawa, ko fatar ta cushe ta ƙulle taya babur na cikin gudu. Tiyon man birkin mota ya fi haka haɗari, matsin da ke cikinsa ya ninka na iskar taya sau da yawa, man kuma da kansa yana cin fenti, balle ɗigon gam. Zai riƙe a gareji. Zai riƙe a tafiyar hankali. Zai saki a daidai lokacin da yaro ya gifta titi aka taka da ƙarfi.

Sai a ji jiniyar ƴan kwana-kwana. Sai a kwashi mutane zuwa asibitin Yalgado. Sai a dawo zaman makoki ana cewa birki ne ya tsinke, ƙaddara ce. Mun yi imani da ƙaddara. Amma wani ne ya liƙe birkin nan, wani ya sayar da gam ɗin yana sane, wasu suka gani suka kau da kai. Duk suna da kamasho.

Ya zama wajibi mu daina fakewa da ƙaddara muna rufe sakaci.

Abin ya ma wuce talauci, ya shiga ha'inci. Akwai masu liƙe tsagaggen kan inji, su shafe da baƙin mai da ƙura, su kai kasuwa su sayar wa bayin Allah. Akwai masu liƙe-liƙe ana gobe za a kai mota cibiyar duba lafiyar motoci ta CCVA, don takarda ta fito kawai. Akwai masu ɗora gilashin gaba da silikon na tagar ɗaki, alhali gam ɗinsa daban ne, domin gilashin yana cikin abin da ke tallafe rufin mota in ta kife. Har hular kwano da ta fashe ake liƙewa. A garin da aka yi tarzoma a 2006 don an ce dole a sa hular, ga shi wanda ya daure ya sa ma fasasshiya ce a kansa.

Unguwar nan ta Widi Naba ce, mai kula da dawakan sarki Mogo Naba tun zamanin da. A tambayi duk wanda ya san doki ko ana hawa da linzamin da aka ɗaure da zare. Babur ya fi doki gudu, kuma ba ya jin tsawa.

Gam yana da wurinsa, ba mu hana ba. Murfin madubi, robar gaban mota, tambarin da ya ɓalle, a liƙe. A wanke wurin, a kankare maiƙo, a bari ya bushe. Gam mai haɗi biyu irin Araldite ya fi ƙarfi, amma ko da an rubuta minti 5 a jikinsa, sai ya kwana yake kai cikakken ƙarfinsa, kuma shi ma iyakarsa ya kai ka gareji. A kula kuma, super glue in ya haɗu da auduga zafi yake yi har ya ƙona fata, yara da dama na garejinmu suna da tabonsa a yatsu.

Amma birki, da sitiyari, da tiyon fetur, da gefen taya, da hular kwano, maganinsu canji.

Ya zama wajibi iyayen gidan gareji su kafa wa yaransu doka yau, ba gobe ba. Ya zama wajibi limamanmu su hau mumbari da wannan magana, domin sayar da liƙaƙƙen babur ba tare da an bayyana aibinsa ba algus ne, kuma cin haram ne. Ya zama wajibi shugabannin Zango su tara dillalai da masu kayan gyara su ja musu kunne, hukumar kiyaye haɗurra ta ONASER kuma ta shigo garejin unguwa, kada ta tsaya a manyan tituna.

Ke uwa, kafin ki ɗora ɗanki a babur ɗin maƙwabci, tambayi yaushe aka canza birkinsa. Kai bakanike, in Alhaji ya ce ka liƙa masa, ka ce, "Alhaji, ka yi haƙuri, ban iya ba." In ya yi fushi ya tura babur ɗinsa gaba, ka bi shi da saƙo zuwa gareji na gaba, su ma su ƙi.