Elmina: Garin Masunta a Gindin Ganuwa

Duk wanda ya ji sunan Elmina, garin da ke bakin teku a ƙasar Gana, ganuwar Turawa ce take fara faɗo masa a rai. Mutanen Fotugal ne suka gina ta a shekarar 1482 domin cinikin zinariya. Mutanen Holan suka ƙwace ta a 1637, sannan ta koma hannun Ingilishi a 1872. A cikinta aka tsare bayi masu ɗimbin yawa kafin a tsallaka da su Amurka.

Sai dai kuma garin ya girmi ganuwar. Tun kafin zuwan Turawa akwai mazauna a bakin tafkin Benya, wanda ruwansa ke haɗuwa da teku, kuma su da gishiri ne abincinsu. Har yau maza ke shiga teku da kwalekwale, mata kuwa su sayi kifin, su banda shi, su kai kasuwannin cikin ƙasa. Ranar Talata ba a fita su. A Talatar farko ta watan Yuli ake bikin Bakatue, wato buɗe tafkin bayan hutun da aka ba shi.

Abin damuwa shi ne kifin ya ja baya, musamman saboda manyan jiragen da ke kwashe har ƙananansa. Ganuwa tana kawo baƙi, amma tukunyar gidan masunci ba ta dogara da su ba. Ashe ke nan makomar Elmina tana wajen kiyaye tekun da ya ciyar da kakanninsu.